Tsohuwar Algaitar Sikotlan a Gwanjon Intanet: Wacce Ta Cancanci Tayinka?

Duk wanda ya ƙwallafa rai a kan algaitar salka ta mutanen tsaunukan Sikotlan, wato bagfaif, ba ya daɗewa sai ya fara leƙa shafukan gwanjo. A can zai ga tsofaffin da aka sassaƙa a Gilasgo da Edinbara shekara 70, 100, har 130 da suka wuce, wasu tayinsu bai kai kuɗin sabuwa ba, wasu kuwa sun haura dubban fam. Daga nan sai ruwan ido ya kama shi. Ya bi maƙeri mai babban suna irin Henderson ne, ko ya tsaya ga mai sauƙin kuɗi irin Hardie, ko ya gwada sa'arsa da wadda ba ta da suna, ko kuwa ya haƙura ya sayi sabuwa fil? Mu ma ba baƙuwarmu ba ce, don wanda ya taɓa kallon faretin sojojin fadar shugaban ƙasa a Abuja ya ji ƙuginta. Sai dai wanda zai taya daga Kano ko Yamai yana da matsaloli biyu da mutumin Gilasgo bai san da su ba: kwastam da hunturu.

Kafin a shiga gwaji, a san abin da ake saye. Cikakkiyar algaita guntayen itace 14 ce: sandunan ƙugi uku da ake jinginawa a kafaɗa (gajeru biyu masu gaɓa bibbiyu, doguwa ɗaya mai gaɓa uku), gindaye biyar da ake ɗaurewa a jikin salka, bututun hurawa, da sarewar da ake sa wa yatsu. Salkar da ta zo da tsohuwar algaita ta juji ce. A 2016 likitoci a Ingila sun ba da rahoton wani mabushi da ya rasu saboda ciwon huhun da funfunar cikin salkarsa ta jawo masa, don haka kada ka ma kai baki gare ta. Harsunan kara da ke ba da sauti su ma sun mutu tuntuni. Sarewar kuma, duk kyanta, da wuya ta yi maka aiki tare da 'yan ƙungiyar busa na yau, domin tsofaffin sarewu muryarsu na kaɗawa wajen sau 466 a sakan ko ƙasa da haka, na zamani kuwa sun hau zuwa tsakanin 476 da 482. Abin da kuɗinka ke saya dai shi ne sandunan ƙugi uku da gindayensu. Sauran duk sababbi za ka nema.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Na farko sauti ne, kuma sauti daga ramin cikin sanda yake fitowa. Rami mai faɗi yana ba da ƙugi mai kauri amma yana shan iska. Matsattse yana ba da murya mai laushi, ba ya gajiyar da mabushi. A gwanjo ba za ka ji da kunnenka ba, faifan da aka ɗauka da waya kuma bai cika faɗin gaskiya ba, tunda rabin abin da ake ji aikin harshen da aka sa ne. Abin da za ka iya yi shi ne ka ce mai kaya ya ɗaga kowace gaɓa ya fuskanci haske ya ɗauki hoton cikin ramin. Rami mai santsi yana sheƙi kamar an goge shi. Ka kuma nemi awon bakin kowane rami. Gajerun sanduna biyu dole awonsu ya zo ɗaya. In wani ya taɓa faɗaɗa ramin da sunan gyara, muryar da maƙerin ya nufa ta tafi ke nan, ba ta dawowa.

Na biyu lafiyar itace, kuma a nan ne aka fi yin asara. Itace uku za ka yi ta gamuwa da su. Akwai eboni, ɗan uwan kanya, wanda aka fi amfani da shi a ƙarni na 19 da farkon na 20. Akwai kokas mai launin jar ƙasa daga Jamaika da Kuba, wanda ya yi ƙaranci aka daina samunsa. Sai baƙin itacen Afirka da mutanen Tanzaniya ke kira mpingo, mai nauyi har yana nutsewa a ruwa, mai maiƙo a jikinsa, wanda ya mamaye sana'ar daga wajen shekarun 1930. Eboni ya fi su saurin tsagewa. Tsaga kuwa ta iya ɓuya: tana kwanciya ƙarƙashin zoben ƙarfe, ko a kogon da wuyan daidaita murya ke shiga, ko a gindin da zare ya rufe. Ka dubi hoton zobe da kyau. In ka ga siririn layi ya fito daga ƙarƙashinsa ya bi tsawon itacen, ko da bai wuce faɗin farce ba, to tsaga ce, kuma za ta ci gaba. Gyararriyar tsaga ba aibi ba ce idan gwani ne ya yi aikin. Sukan yanka kwarmi a cikin zanen jikin sanda, su naɗe da zare mai ƙarfi, su cike da gam, su sake fitar da zanen har ido ba ya ganewa. Aibin shi ne a ɓoye maka.

Ga wanda zai kawo ta arewa, wannan ma'auni ya fi kowanne nauyi. Itacen da ya shekara 50 a ɗakin ajiya a ƙasa mai danshi, ka sauke shi a Kano cikin Janairu lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, zai tsuke. In ya tsuke sai zobban su yi sako-sako, su ne kuwa ke riƙe da bakin itacen. Sai ka hura masa numfashi mai ɗumi da danshi daga ciki alhali wajensa a bushe yake ƙamas, shi ke nan sai ya dare. Maganinsa shi ne a shigo da ita da damina in da hali, a shafa wa ramukan man da aka tanada don haka, a fara busawa minti 10 zuwa 15 a rana na 'yan makonni, a riƙa ajiye ta a rufaffen akwati da ɗan abin riƙe danshi, zoben da ya saki kuma a naɗa masa zare a mayar da shi nan take.

Na uku asali. Yawancin tsofaffin maƙera ba sa buga suna a kowace gaɓa, wasu ma ba sa bugawa sam. Inda aka fi samun hatimin Henderson da Lawrie, manyan maƙeran Gilasgo biyu, shi ne cikin kwarmin da igiya ke zama a saman sanda, wurin da datti da zare ke rufewa. Sunan da ke kan sarewa bai tabbatar da komai game da sandunan ba, don mabusa sun saba canza sarewa, kuma masu kaya da yawa da sunan sarewar suke yi wa algaitar duka laƙabi. Haka ma labarin cewa kakan wani ya busa ta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. In babu takarda ko hoto, kada ka ƙara ko fam ɗaya a kansa. Akwai kuma algaitar haɗe-haɗe, wadda aka tattaro gaɓoɓinta daga maƙera biyu ko uku. Ka jera hotunan gaɓoɓin ka kwatanta zanen jikinsu: yawan siraran layuka, zurfinsu, faɗin tudun da ke tsakani. Hannu ɗaya zane ɗaya yake yi. Littafin Jeannie Campbell a kan maƙeran algaitar, mai suna Highland Bagpipe Makers, shi ne abin da masu wannan harka ke dubawa don sanin wa ya yi aiki a ina, daga yaushe zuwa yaushe.

In akwai azurfa, tana da nata hatimin hukuma. Na Gilasgo bishiya ce da kifi da ƙararrawa, ofishin da ke buga shi kuma an rufe shi a 1964. Na Edinbara ganuwa ce mai hasumiya uku. Na Bamingam ƙugiyar jirgin ruwa. Kusa da shi akwai harafin da ke nuna shekara. Amma shekarar azurfa yake faɗa, ba ta itace ba, don sau da yawa daga baya ake ɗora azurfar.

Na huɗu ado da doka. Manyan algaitun da da hauren giwa aka yi musu kambu da zobba, shi ne kuma abin da ya fi jefa mai saye cikin masifa a yau. Yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Dokar haure ta Birtaniya ta 2018, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2022, ta hana saye da sayarwa, sai dai ta yi rangwame ga kayan kiɗa da aka ƙera kafin 1975 waɗanda haurensu bai kai kashi 20 cikin 100 na girmansu ba, su ma sai an yi musu rajista. Wannan rajistar ta cikin gida ce. Fitar da kayan waje sai da takardun CITES. Amurka ta rufe ƙofar shigo da hauren giwar Afirka don kasuwanci. A 2014 an ƙwace algaitu masu haure na wasu samari biyu a iyakar Amurka da Kanada suna dawowa daga gasa, kayansu na kansu, sai da aka yi ta kai da kawo kafin a mayar musu. Najeriya ma tana cikin yarjejeniyar, a watan Janairun 2024 kuma hukuma ta niƙe, a Abuja, tan 2.5 na hauren da aka kama. eBay ta haramta sayar da haure tun 2009, shi ya sa za ka ga mai kaya ya rubuta "ƙashi" ko "na roba" a kan abin da haure ne tsantsa. Ranar da kwastam suka buɗe akwatin, kai ne za ka amsa tambaya.

Ana iya rarrabewa daga hoto mai kyau. Hauren giwa, in aka dubi inda aka yanka shi a kwance, yana da siraran layuka masu gittawa juna kamar saƙar raga. Ƙashi yana da 'yan ɗigogi baƙaƙe. Cikin abubuwan da ake kwaikwayon haure da su, robar katalin tana rikiɗa ta koma ruwan lemo in ta tsufa. Kasin, wanda daga madara ake yinsa, yana zama fari fat kamar alli da ƙananan tsage-tsage. Seluloid kuwa layukansa a miƙe suke, a jere daidai wa daida, abin da haure ba ya yi. Shi baƙin itacen, an sa danginsa cikin jerin CITES a 2017, amma tun 2019 an cire ƙerarrun kayan kiɗa daga wannan takura.

Na biyar kuɗin gaskiya, wanda ba shi ne kuɗin da aka buga guduma a kai ba. Gidajen gwanjo na Birtaniya kan ɗora wa mai saye la'ada ta kashi 20 zuwa 30 cikin 100, da harajin kashi 20 a kan la'adar, da wani ɗan kaso na shafin da ka taya ta cikinsa. Misali, an sallama maka a fam 1,000, la'ada kashi 25 ce, na shafi kashi 5, haraji kuma a kan duka biyun: ka tashi a fam 1,360 tun kaya ba su bar ɗakin ba. Sai dako da inshora, sai kwastam, sai sabuwar salka, harsuna, sarewar zamani, da ladan mai gyara. Waɗannan na ƙarshe kaɗai kan cinye ɗaruruwan fam.

Na shida, in kaya suka zo ba yadda aka ce ba, akwai hanyar mayarwa? Za a zo kansa a ƙasa.

Henderson da Lawrie na kafin 1930

Peter Henderson ya karɓi shagon Donald MacPhee a Gilasgo a 1880. Kamfanin R.G. Lawrie shi ma a Gilasgo yake, ya kuma yi tashe a harkar algaita daga farkon ƙarni na 20. Sandunansu na wancan zamani su ne abin da har gobe sababbin maƙera ke kwaikwayo: ƙugi mai kauri, doguwar sanda da gajerun suna narkewa cikin juna, ga tsayuwar murya. Sun yi kama da juna sosai, har masana kan yi gardama a kan wasu. Lawrie an fi gane ta da zobban nikel masu tsukewa ta gefe ɗaya. Ta fuskar sauti ba ni da abin da zan ɗora a samansu. Ta sauran fuskoki kuwa, su ne suka fi tsada, su aka fi yi wa ƙaryar suna, yawancinsu eboni ne ko kokas da ya haura shekara 90, kuma kusan duk masu kyan suna ɗauke da haure. Mai azurfa da haure dubban fam ce. Akwai 'yan kaɗan masu kambun itace da zoben nikel, waɗanda muryarsu ɗaya ce da ta masu azurfa tunda rami ɗaya aka huda musu. In ka ci karo da irin wannan mai hatimi, ita ce ta cancanci ka buɗe aljihu.

MacDougall, Glen da Robertson

Duncan MacDougall na garin Aberfeldy, wanda ya rasu a 1898, sunansa ya fi na kowa daraja wajen masu busa fibrok, kiɗan gargajiyarsu mai tsawo da natsuwa. Sau da yawa yakan sa wa kogon sandunansa rufin tagulla daga ciki. Samun ta gaske mai hatimi sai an tona, abin da ake laƙaba masa kuwa ya ninka abin da ya ƙera. Wannan ta masana ce da masu tarawa, ba ta mai taya daga nesa ba.

Dangin Glen na Edinbara, wato David Glen da kuma J. & R. Glen, raminsu matsattse ne. Muryar ba ta da ƙarfi amma tana da daɗi, ba ta rawa, ba ta shan iska. Da yake ba ta cika fili, kuɗinta bai kai na Henderson ba, kuma da yawa an yi su ne da kambun itace ƙanana ba haure. Mai busa shi kaɗai a ɗaki zai ji daɗinta. Mai fareti a fili zai ga ta yi masa ƙasa.

James Robertson ya buɗe shagonsa a Edinbara a 1908, kamfanin ya ci gaba har cikin shekarun 1960. Shi ne mafi sauƙin ganewa a hoto saboda manyan kambunansa masu siffar laimar kwaɗi. Abin da na fi so game da Robertson shi ne aikinsa bai cika hawa da sauka ba: ta 1930 da ta 1955 duk za ka samu ƙugi mai ƙarfi da tsayuwa. Da yawa baƙin itace ne, kuma akwai masu kambun kasin maimakon haure. Kasin ɗin kan yi muni da tsufa, abin da ke karya mata farashi ba tare da ya taɓa murya ba. Ga mai neman sautin zamanin da ba tare da rigimar doka ba, wannan babbar dama ce.

Na bayan Yaƙin Duniya na Biyu: Hardie, Grainger & Campbell, Lawrie ta baya

Bob Hardie ya kafa R.G. Hardie a Gilasgo a 1950. Shi kansa gwanin busa ne, shi ya jagoranci ƙungiyar Muirhead & Sons da ta ci gasar duniya sau biyar a jere daga 1965 zuwa 1969, kamfaninsa kuma ya haɗiye Henderson a 1973. Wannan na nufin hatimin Henderson a kan algaitar shekarun 1970 ba shi da alaƙa da waccan ta 1910 sai suna. Algaitun Hardie na shekarun 1950 da 1960 baƙin itace ne mai kyau, raminsu bai da faɗi, muryarsu a kwance take, kuma kowane irin harshe ka sa musu suna karɓa. An yi su da yawa, saboda haka ba a cika yi musu jabu ba, kuma masu katalin da nikel ɗaruruwan fam ne. Grainger & Campbell ajinsu ɗaya. Lawrie ta shekarun 1950 har yanzu tana da ƙarfi, amma ta ƙarshe-ƙarshe aikinta ya ja baya. Masu son ƙugi mai girgiza ƙirji kan raina Hardie, kuma gaskiya ne ba ta kai Henderson cika ba. Sai dai itacenta bai tsufa ainun ba, ya fi jure tafiya da canjin yanayi, kuma in mai katalin da nikel ce, babu abin da kwastam za su riƙe a jikinta.

Wadda ba ta da suna

Ita ce wadda aka ce an tsinta a kayan gado, hoto uku dishi-dishi, farawa daga fam 50. Wani lokaci akwai Lawrie ta gaske a ƙarƙashin dattin, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Amma mafi yawansu 'yan Sialkot ne. Wannan birni na Pakistan ya haura shekara 100 yana ƙera algaitar salka, kuma masu araharsa sun cika kasuwa. Itacensu mara nauyi ne, an shafe shi da baƙin fenti, in ka leƙa ramin sai ka ga ja-ja da gashin itace a tsaye. Zanen jikin bai da zurfi, adon ƙarfen an buga shi ne da inji, sau da yawa kuma tana zuwa da sabuwar rigar salka da igiyoyi masu ƙyalli alhali an ce ta shekara 80. Irin wannan ba ta gyaruwa. Taya wadda ba ta da suna ba tare da wani masani ya duba hotunan ba cinikin biri ne a sama.

Sabuwa

Ba tsohuwa ba ce, amma dole a sa ta a ma'auni. McCallum a Kilmarnock, David Naill a Ingila, Dunbar a Kanada da ire-irensu suna ƙera algaitu masu inganci, wasu ma a kan awon ramin Henderson ko MacDougall. Mara ado ta baƙin itace kan kama daga 'yan ɗaruruwan fam masu kauri zuwa sama da dubu. Tana zuwa da garanti, da sarewar da ta dace da zamani. Akwai kuma ta roba mai tauri, wadda hunturu bai san inda zai kama ta ba.

| Iri | Sauti | Kuɗi | Ƙarkon itace | Sauƙin ganewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Henderson, Lawrie kafin 1930 | Mai kauri, cikakke | Mafi tsada | Mai rauni in eboni ne | Da wuya in ba hatimi | Haure, ƙaryar suna |
| MacDougall | Mai zurfi da laushi | Mai tsada sosai | Mai rauni | Sai masani | Laƙabin ƙarya |
| Glen | Marar ƙarfi, tsayayye | Matsakaici | Mai rauni zuwa matsakaici | Matsakaici | Ɓoyayyiyar tsaga |
| Robertson | Mai ƙarfi, tsayayye | Matsakaici zuwa sama | Mai kyau | Mai sauƙi | Haure a wasu |
| Hardie da sa'o'inta | A kwance | Mai sauƙi | Mai kyau | Mai sauƙi | Kaɗan ne |
| Mara suna | Ba a sani ba | Araha | Ba a sani ba | Sai masani | Ta Sialkot ce |
| Sabuwa | Mai kyau | Matsakaici | Mafi kyau | Ba matsala | Faɗuwar daraja in za a sayar |

A ina za a taya

eBay ta fi yawan kaya da araha, ta kuma fi yawan tarkace. Alherinta shi ne kana magana da mai kaya kai tsaye, kana iya neman hoton kowace gaɓa 14, kuma in abin ya saɓa wa bayaninsa kana da kwana 30 na neman kuɗinka. Amma ga tarko ga mutanenmu: masu kaya da yawa ba sa aikowa Najeriya ko Nijar, sai mutum ya bi ta kamfanin da ke karɓa a Landan ya turo. Da zarar kaya sun bar adireshin farko zuwa wani, wannan kariya ta faɗi. In kana da ɗan uwa a can, gara su sauka a hannunsa ya buɗe ya duba kafin su taso. Lokacin rufe gwanjon eBay a ƙayyade yake, tayin gaske kuma a sakan na ƙarshe yake shigowa, don haka ka yanke iyakarka tun da wuri ka rubuta ta sau ɗaya. Mai kayan da ya ce ku koma waje ku ƙarasa ciniki, ka rabu da shi.

Gidajen gwanjo irin su Lyon & Turnbull a Edinbara, McTear's a Gilasgo, da Gardiner Houlgate da ya ƙware a kayan kiɗa, ana taya kayansu kai tsaye ta shafuka irin the-saleroom. Nan ne kayan gado na gaske suka fi fitowa, kuma sun san dokar haure. Kana da damar neman rahoton lafiyar kaya kafin ranar gwanjo, ka nema. Sai dai mai rubuta rahoton ba lalle ya zama mabushi ba, kuma ƙa'idarsu ita ce yadda ka gani haka ka saya. Tsagar da ta bayyana daga baya taka ce. In sun rubuta cewa ana danganta kaya ga wane, ba su ce nasa ba ne. Da yawansu kuma ba sa ɗaure kaya su aiko, sai ka nemi ɗan dako da kanka, in ka yi jinkiri su caje ka kuɗin ajiya.

Hanya ta uku ita ce dillalin da ya ƙware a tsofaffin algaitu, irin Jim McGillivray na Ontario a Kanada, wanda shi ma gwanin busa ne. Irinsu suna saye, su gyara, su busa, su faɗa maka gaɓar da aka canza da tsagar da aka ɗinke. Za ka biya fiye da na gwanjo, amma in ka haɗa la'ada da ladan gyara sai ka ga tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Wa ya dace da wacce

Mai koyo kada ya taya komai tukuna. Watanni zai yi a kan sarewar koyo kafin ya ɗauki salka, in lokaci ya yi kuma sabuwa ce ta dace da shi, don ba zai iya bambance laifin hannunsa da laifin tsohon itace ba.

Ƙungiyar fareti ta makaranta ko ta masu kaki da ke busa a rana da ƙura, su sayi sababbi iri ɗaya, na roba ma ya fi. Tsofaffi daga maƙera daban-daban wahalar daidaitawa kawai za su ba su.

Wanda ya iya busa, yana son tsohuwa, kuma zai kawo ta yankinmu, ya nemi Hardie ta shekarun 1950 ko 1960 mai katalin da nikel. In yana son ƙugi mai ƙarfi kuma aljihu ya yarda, ya jira Robertson mai kasin ko Lawrie ta shekarun 1950. Ya saya ta hanyar da za a iya mayarwa, a kuma fara kai ta wurin mai gyara a Birtaniya ya tsare zobba ya duba ramuka kafin ta hau jirgi.

Mai shiga gasa da ke zaune a Birtaniya, wanda kunnensa ya riga ya san abin da yake nema, shi ne Henderson da Lawrie na da suka dace da shi, ta hannun dillali ko gidan gwanjon da zai iya zuwa ya taɓa da hannunsa. In mai haure ce, ya tabbatar da lambar rajistarta kafin ya taya, ya kuma san cewa duk fita waje da ita sai da takarda.

Mai tarawa don tarihi, MacDougall da Glen nasa ne, bisa sharaɗin hatimi a jikin sandar ƙugi ko shaidar masani a rubuce. Wanda kuma ya hango wata mara suna zuciyarsa ta ƙi sakinta, ya aika hotunan ga masanin tsofaffin algaitu tun gwanjo bai rufe ba, ya kuma tsayar da tayinsa a kan kuɗin da in ya salwanta ba zai hana shi barci ba.